Yadda Ake Kafa Maɗagin Keke a Bangon Gareji

Keken babban mutum yana da tsawon santimita 170 zuwa 180, faɗin kansa kuma, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa shi, yana farawa daga kimanin santimita 40 a keken tsere har ya kai 75 ko 80 a keken hawan tsaunuka. Idan aka ajiye shi a ƙasa cikin gareji, filin da yake ci yana kaiwa murabba'in mita ɗaya ko fiye, kuma sau da yawa filin nan shi ne daidai inda ƙofar mota take buɗewa da inda mutane suke ratsawa. Saman gareji kuwa yawanci fayau yake, babu abin da ke cikinsa sai ƙwan lantarki. Maɗagin keke na'ura ce mai sauƙi da ake kafawa a jikin bango, wadda ta ƙunshi hannayen ƙarfe biyu da suka miƙo daga bangon, da igiya, da ƙugiyoyi biyu, da ƙananan tayoyi masu kwari da igiya take bi ta kansu, waɗanda makanikai ke kira fuli. Da ita ake ɗaga keken a hankali zuwa sama ba tare da mutum ya sa shi a kafaɗa ko ya hau tsani ba. Ana zaɓar kafa ta a bango maimakon rufi a garejin da silinsa ba shi da ƙarfi, ko wanda katakon rufinsa ya yi nisa ko ya ɓuya, ko wanda layin ƙofar gareji mai naɗewa sama ya tare tsakiyarsa.

Masu sayen wannan na'ura sun fi damuwa da kaurin igiya da nauyin da aka rubuta a kwali. A ganina ba nan matsalar take ba. Igiya mai kyau tana ɗaukar ninkin nauyin keke sau da dama, amma abin da yake sakin keke ya faɗo kan mota shi ne notin da ya zame daga bango, saboda haka yawancin wannan bayani zai tsaya ne a kan awo da bango.

Awo kafin saye

Farkon abin da ya kamata a sani shi ne nauyin keken. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya hau sikelin awon jiki shi kaɗai, ya sake hawa yana ɗauke da keken, sannan ya debe adadin farko daga na biyu. Keken tsere yakan kai kilo 7 zuwa 10, na hawan tsaunuka 12 zuwa 15, keken ƙarfe na zirga-zirga mai kariya da madogari 15 zuwa 20, keke mai batir kuwa yakan kai kilo 20 zuwa 30. A zaɓi maɗagin da nauyin da aka rubuta masa ya zarce na keken da rata mai yawa, domin fizgar da ake yi wa igiya lokacin ja da tsayawa tana ƙara wa na'urar nauyi na ɗan lokaci fiye da na keken da yake rataye shiru.

Na biyu shi ne tsayin garejin, kuma a nan ne mutane da yawa suke gane cewa abin da suka yi tsammani ba zai samu ba. Tsayin keke daga taya zuwa sirdi ko kai yana kusan santimita 100 zuwa 110. Hannun ƙarfe da fuli da ƙugiya suna cin wasu santimita 25 zuwa 30 a sama, domin keken ba zai taɓa manne wa silin ba. A garejin da tsayinsa mita 2.4 ne, idan aka debe waɗannan, tayoyin keken za su tsaya kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Wannan ya isa gaban ƙaramar mota ya shige ƙarƙashinsa, amma bai isa mutum ya wuce a tsaye ba, bai kuma isa rufin mota ba, tun da ƙananan motoci suna da tsayin kusan mita 1.5, manya kuma suna kaiwa 1.7 zuwa 1.9. A garejin mita 3 tayoyin za su kai kimanin mita 1.6, sai a mita 3.4 ko fiye ne dogon mutum zai wuce ƙarƙashi bai sunkuya ba. Wannan lissafi shi yake nuna bangon da ya dace: a gajeren gareji a nemi bangon ƙurya, inda gaban mota yake tsayawa, ko saman teburin aiki da sauran kayan da ba a ratsawa ta wurinsu, a dogon gareji kuwa bangon gefe ma zai yi.

Kafin a yanke shawara a shigar da motar, a buɗe dukkan ƙofofinta da murfin gaba da na baya har ƙarshe, a kuma buɗe ƙofar garejin a rufe, a lura da duk inda waɗannan suke kaiwa. Murfin baya na manyan motoci yana tashi sama da mita 2, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Akwai kuma tambayar da ba a yawan yi: idan mota tana ciki, keken zai iya sauka? Wanda yake hawa keke kullum amma motarsa tana kwana biyu ba ta fita ba, zai gaji da fitar da mota kawai don ya sauke keke, daga ƙarshe ya koma jingina shi a bango kamar da.

Na uku shi ne tsawon hannun ƙarfen. Keken zai rataya ne a layi ɗaya da bango, saboda haka rabin faɗin kansa yana fuskantar bangon. Idan faɗin kan santimita 76 ne, rabinsa 38 ke nan, a ƙara ratar santimita 6 ko 7 don kada ya riƙa goge fenti yana hawa, sai a samu 45. Keken tsere yana wadatuwa da hannu mai santimita 30. Kada a ƙara tsawon hannu fiye da bukata, domin kowane santimita da aka ƙara nauyi ne a kan notunan bango. Ga keken da za a ajiye na tsawon watanni, ana iya sassauta notin wuyansa a juya kan ya daidaita da jikin keken, a kuma cire fedar da ke ɓangaren bango, amma wannan ba dabarar kullum ba ce.

Awo na ƙarshe shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar kan keke da bayan sirdi, inda ƙugiyoyi biyu za su kama. Yakan kasance tsakanin santimita 60 da 80 a keken manya, amma a auna na wannan keken musamman. Wannan nisa shi ne zai zama tazarar hannayen biyu a bango. Idan tazarar ta fi shi ko ta gaza, igiyoyin za su karkace yayin da keken yake kusantar sama, su riƙa jan ƙugiyoyin gefe har ɗaya ta zame.

Abin da igiya take ragewa, da abin da bango yake ɗauka

A maɗagin da aka fi sani igiya ɗaya ce take bi ta ko'ina. Ana ɗaure bakinta a hannu na farko, ta sauko ta zagaya fulin da ke kan ƙugiya, ta koma sama ta bi fulin da ke kafe, ta tsallaka zuwa hannu na biyu, ta sake saukowa ga ƙugiya ta biyu, ta hau, sannan ta ratsa birkin igiya, wato makamin da yake cije ta idan an sake ta, ta sauko hannun mai ja. Fulin da yake kafe ba ya rage nauyi, juya wa igiya hanya kawai yake yi. Fulin da yake tafiya tare da ƙugiya shi ne mai raba nauyi biyu, saboda zare biyu na igiya ne suke riƙe da shi. Tun da ƙugiyoyi biyu ne, zare huɗu ke nan suke ɗauke da keken, don haka keke mai kilo 20 yana bukatar ƙarfin kilo 5 a lissafi. A zahiri gogayyar igiya da fuli tana ƙara wani abu, sai mai ja ya ji kamar kilo 7 ko 8. Abin da aka samu a sauƙi ana biyansa da tsawo: don keke ya tashi mita 1, sai an ja igiya mita 4. Shi ya sa gareji mai tsayin mita 3 yake bukatar igiyar da ba ta gaza mita 12 ba, gara ma 15 a yanke abin da ya yi saura.

Bango kuwa bai samu wannan rangwame ba, nauyinsa ma ninkuwa yake yi. Hannun ƙarfen da ya miƙo daga bango yana aiki ne kamar bayan guduma da ake cire ƙusa da shi: gindin faifansa, wato ƙarfen da ake ɗaure shi da noti a bango, yana dogara a jikin bangon, nauyin da ke bakinsa kuma yana fizgo notin sama waje. Ana gane ƙarfin fizgar ta hanyar raba tsawon hannun da nisan da ke tsakanin notin sama da gindin faifan. Hannu mai santimita 45 a kan faifan da wannan nisan nasa 15 ne yana ninka nauyi sau 3. Keke mai kilo 20 yana ɗora wa kowane hannu kusan kilo 10, hannun da igiyar ja take saukowa daga gare shi kuma yana ƙara ɗaukar ƙarfin mai ja, ya kai 17 ko 18. Idan aka ninka sau 3, notunan sama na wannan hannun suna fuskantar fizgar sama da kilo 50, kai tsaye waje, kafin a yi maganar girgiza. Da faifan yana da tsawon da nisan zai zama santimita 30, da fizgar ta ragu da rabi. Saboda haka idan ana zaɓe tsakanin maɗagi biyu, ko za a ba mai walda ya ƙera hannayen, a fifita mai dogon faifai da tokare a ƙarƙashi, wanda ya haɗa bakin hannu da gindin faifai ya zama kusurwa uku.

Akwai kuma ja na gefe. Igiyar da ta tsallaka tsakanin hannayen tana jan bakunansu zuwa juna, kuma ko da yake ƙarfin ba shi da yawa, maimaituwarsa tana sassauta noti a hankali. Sandar ƙarfe ko katako da aka ɗaure tsakanin bakunan biyu tana kawar da wannan gaba ɗaya, tana kuma tabbatar da tazarar ba ta canjawa.

Sanin bango da abin da ya dace da shi

Kankare shi ne mafi aminci, kuma a ginin bulo akan same shi a ginshiƙai da linta da ɗamarar da ke zagaye ginin kusa da rufi, wato daidai tsayin da ake bukata. A kankare da jan bulo marar rami ana amfani da notin ƙarfe mai riga, wanda yake buɗewa cikin rami idan aka ɗaure shi, mai kaurin milimita 8 ko 10. Ya kamata ya shiga aƙalla santimita 5 zuwa 6 cikin ainihin kankaren. Filasta ba ta cikin lissafi, domin kaurinta na santimita 1.5 zuwa 2 ba ya riƙe komai, sai a ƙara wannan kaurin da na faifan ƙarfe a kan tsawon notin da za a saya. A nisanci gefen bango da bakin taga da aƙalla santimita 10, saboda noti mai buɗewa yana iya tsaga gefen, kuma kada a huda layin siminti da ke tsakanin bulo da bulo, domin shi ne mafi rauni a jikin ginin.

Bulo mai rami shi ya fi yaudara. Daga waje yana kama da bango mai ƙarfi, amma fatarsa ba ta wuce kimanin santimita 3 ba, bayanta kuma fanko ne. Noti mai buɗewa ba ya samun abin kamawa a nan, ko kuma ya farfasa fatar lokacin ɗauri. Ana gane shi ta ƙwanƙwasawa, ko kuma idan bakin injin huda ya faɗa ciki ba zato bayan ɗan nisa. Mafita biyu ce. Ta farko ita ce gam na musamman mai haɗi biyu da ake matsawa cikin wata rigar raga da aka cusa a ramin, sannan a murɗa sandar noti a ciki. Gam ɗin yana fitowa ta ragar ya daskare bayan fatar bulon ya zama ƙulli. Lokacin bushewarsa yana rubuce a jikin kwalbarsa kuma ya danganta da zafin wuri, kada a ɗora nauyi kafin ya cika. Ta biyu, wadda na fi amincewa da ita duk inda ake iya kaiwa bayan bangon, ita ce a huda bangon har waje, a zura dogon noti, a sa masa faifan ƙarfe mai faɗin kusan santimita 10 a ɗaya ɓangaren. A bulo mai rami a kashe bugun injin huda a bar shi yana juyawa kawai, domin bugun yana ɓalle bayan fatar ya rage ɗan kaurin da ake dogara da shi.

A garejin da bangonsa allon farar ƙasa ne a kan ginshiƙan katako, allon ba ya ɗaukar irin wannan fizga ko da wane irin noti aka sa masa. Dole a nemo ginshiƙan, waɗanda yawanci suke da tazarar santimita 40 ko 60 daga tsakiya zuwa tsakiya, da na'urar gano su ko da maganaɗisu mai bin ƙusoshin da aka kafa allon da su. Tun da wuya tazararsu ta yi daidai da ta keken, sai a kafa faffaɗan katako mai kauri a kwance ya ratsa ginshiƙai biyu ko uku, a ɗaure shi sama da ƙasa a kowane ginshiƙi da manyan sukurori masu kaurin milimita 8 waɗanda za su shiga aƙalla santimita 5 cikin katakon, sannan a ɗaura hannayen a jikinsa inda ake so. A fara huda siririn rami mai kimanin kashi biyu cikin uku na kaurin sukurun, a tsakiyar ginshiƙin, don kada ya tsage.

Fishar roba da ake rataya hoto ko labule da ita ba ta wannan aikin ba ce, ko da ita aka tarar cikin kwalin maɗagin. Bangon ƙasa, da bangon da ya tsage, da wanda danshi ya ci har filastarsa tana zuba da hannu, su ma ba wurin kafa hannun da zai ɗauki keke sama da kan mutane ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A irin wannan wuri a kafa ginshiƙai biyu na ƙarfe ko katako daga ƙasa zuwa rufi a jikin bangon, su ɗauki nauyin.

Kafawa

Kayan aikin su ne tef na awo, fensir, ma'aunin daidaito mai ruwa irin na magina, injin huda da bakin da ya dace da notin, sufana, tsani mai tsayuwa da kansa, tabarau na kare ido, da mutum na biyu mai riƙe tsani da miƙo kaya. Kafin a huda ko'ina a dubi inda soket da makunnin wuta suke, domin wayoyi a cikin bango yawanci suna tafiya ne a miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga gare su. A kauce wa waɗannan layuka, a kashe wutar ɓangaren, a kuma tuna da bututun ruwa idan bayan bangon banɗaki ne ko kicin.

A ja layi a kwance da ma'aunin daidaito a tsayin da aka zaɓa, kada a dogara da silin ko daɓe, domin daɓen gareji sau da yawa an karkata shi da gangan don ruwa ya gangara waje. A bar isasshen wuri tsakanin hannun da silin yadda sufana da yatsu za su shiga. A sa alamar tsakiyar hannayen biyu bisa awon da aka yi, a tabbata akwai sarari a dama da hagu, domin tayar gaba da ta baya suna zarce ƙugiyoyin da kusan rabin mita kowace. Hannun da yake ɗauke da birkin igiya a sa shi a ɓangaren sirdi. Dalili shi ne igiya ta fi ƙarfi kusa da mai ja, tana raguwa a kowane fuli da ta wuce, ƙugiyar sirdi kuma ita ta fi ɗaukar nauyi, sai abubuwan biyu su daidaita juna keken ya tashi ba tare da karkata mai yawa ba.

A huda ramin sama ɗaya tukuna, a rataya faifan a kai, a daidaita shi a tsaye, sannan a sa alamar sauran ramukan ta cikin hudojin faifan kansa. A naɗa ɗan salatif a bakin injin don sanin zurfi, ramin kuma ya ɗara notin zurfi da kimanin santimita 1. A busa ƙurar da ke ciki da famfon keke, a goge da ɗan buroshi, a sake busawa. Wannan mataki da ake rainawa yana da muhimmanci ƙwarai, musamman ga gam, wanda idan ya manne wa ƙura maimakon dutse zai iya zamowa gaba ɗaya. A sa wosha a ƙarƙashin kowane noti, a ɗaure su bi da bi har faifan ya kwanta sosai. Notin da yake ta juyawa bai kama ba ya riga ya lalace, a bar ramin a sake wani nesa da shi.

Daga nan sai zura igiya bisa tsarin da aka bayyana. Igiyar foliyesta saƙaƙƙiya mai kaurin kusan milimita 6 ta fi dacewa, muddin ta zauna daidai cikin kwarin fulin da birkin, domin ba ta miƙewa sosai kuma tana jure rana. Nailan yana miƙewa yana shan ruwa, igiyar roba mara nauyi irin ta shanya kuma rana tana busar da ita har ta riƙa marmashewa. A ƙona bakunan igiyar da wuta kaɗan don kada ta warware, a ɗaure bakin farko da ƙulli mai siffar lamba 8 wanda ya fi hudar girma, a bar masa jela ta santimita 8 zuwa 10. A duba kada zare biyu su harɗe da juna, kuma igiyar ta shiga birkin ta fuskar da ta dace: idan an ja ta wuce, idan an saki ya cije ta.

Abu na ƙarshe da za a kafa shi ne maɗaurin igiya mai ƙaho biyu, a bango, ɗan gefe da inda keken yake sauka don mai ja ya tsaya ba a ƙarƙashinsa ba. Birkin igiya taimako ne na lokacin ja, haƙoransa suna cinyewa, ƙura tana hana shi cizo. Maɗaurin shi ne ainihin abin da yake riƙe keken dare da rana, don haka shi ma a kafa shi da noti na gaske. A sa shi a tsayin mita 1.6 ko fiye, a naɗe ragowar igiyar a kansa, domin igiya mai lilo ko mai zobe haɗari ce ga wuyan ƙananan yara, kuma yaron da ya kai gare ta zai iya sakin keken.

Gwaji da amfani

Kada keken ya zama abin gwaji na farko, kuma a fitar da motar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkoki biyu za su ba da duk nauyin da ake so. A zuba abin da ya kai nauyin keken sau ɗaya da rabi, a raba wa ƙugiyoyin, a ɗaga su santimita 20 kacal daga ƙasa, a ɗan girgiza igiyar, sannan a bar su su kwana. Washegari a hau tsani a duba ko wata rata ta buɗe tsakanin saman faifan da bango, ko garin siminti ya zubo, ko filasta ta tsage kewaye da noti. Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sake kafa shi gaba ɗaya, ƙarin ɗauri ba zai gyara shi ba.

Wajen rataye keken, a cire jaka da gorar ruwa da kwaɗo da duk abin da zai iya faɗowa. Ƙugiya ɗaya ta kama ƙarƙashin bayan sirdi, ɗayar ta kama kan keken a dama da hagun wuyansa, ba tare da ta danne wayar birki ko ta giya ko bututun man birki ba. Ƙugiyoyin su kasance masu rigar roba. Idan ta yage, guntun tsohon tub yana maye gurbinta. A juya ɓangaren sarƙa ya fuskanci waje idan hali ya yi, don kada mariƙin giya na baya, wanda yake saurin lanƙwasa, ya bugi bango. A ja da hannu biyu bi da bi, a hankali, idan gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi a tura shi da hannu ya daidaita tun keken yana ƙasa. Saukewa ta fi ɗagawa bukatar kula: a kwance maɗaurin ana riƙe da igiyar, a ja ta kaɗan zuwa fuskar da take buɗe birkin, a riƙa sakinta kamu bayan kamu. Barin ta ta zame cikin tafin hannu yana ƙona fata, wanda hannunsa ya ƙone kuwa sakin igiya yake yi.

Wasu kekuna suna da nasu sharuɗɗa. Mai batir a cire masa batirin, wanda shi kaɗai yakan kai kilo 3 ko 4, a ajiye shi a wuri mai matsakaicin zafi, da caji kusan rabi idan zai daɗe ba a yi amfani da shi ba, domin iskar da ke kusa da rufin gareji ita ce mafi zafi a ɗakin. Idan har yanzu nauyin ya yi wa hannu yawa, ana iya maye gurbin maɗaurin da ƙaramin injin naɗe igiya mai marfin juyawa, irin wanda yake kulle kansa idan aka sake shi. Keken da sirdinsa yake hawa da sauka da maɓalli, kada a rataye shi ta sirdin alhali an saukar da shi, domin jan sa sama a wannan hali yana iya shigar da iska cikin mansa. A miƙe shi tukuna, ko a zagaya ɗamarar yadi a jikin keken ƙugiya ta kama ta. Ɗamarar ita ce kuma ta dace da sassan da aka yi da zaren kabon, waɗanda ba sa son matsi a wuri ɗaya. Birki mai mai ba ya samun matsala a wannan maɗagi tun da keken a tsaye yake yadda ake hawansa, amma bayan doguwar ajiya a matsa birkin biyu a ji sun kama, a kuma duba iskar tayoyi, kafin a hau.

Bayan makonni biyu na farko a sake bin notunan da sufana, domin sabon kafi yakan ɗan zauna. Daga nan dubawa sau biyu a shekara ta isa. A bi igiyar da yatsu daga farko zuwa ƙarshe, a fi mai da hankali ga wurin da birki yake cizo da inda take kwanciya a kan fuli idan keken yana sama, domin nan take fara gashi da siranta. Idan lalacewar tana kusa da bakin farko, a yanke a sake ƙulli. Idan tana tsakiya, a canja igiyar duka, tun da igiya mai ƙulli ba ta ratsa fuli. A ɗiga mai kaɗan a sandar kowane fuli, amma a kiyaye kada ya taɓa igiyar ko haƙoran birki, a goge tsatsar da ta fara fitowa a hannayen a shafa fenti. Idan aka canja keke, a sake auna nauyinsa da faɗin kansa da nisan kai zuwa sirdi kafin a rataya shi a tsohon maɗagin.